Yadda Ake Koyon Kyakkyawan Fata Na Gaskiya A Magana Da Zaman Tare

Kusan kowa ya san mutumin da idan ka kai masa damuwarka, tun kafin ka rufe baki ya ce maka “ba komai, zai wuce”. Ka tashi daga gabansa da nauyin da ka zo da shi, har da ƙari, domin yanzu ka gane bai ma saurare ka ba. Kowa kuma ya san ɗaya mutumin, wanda zai fi ka ganin munin abin, ya shiga lissafo maka waɗanda irin haka ta same su ba su kai labari ba. Na farkon ana ce masa mai kyakkyawan fata, na biyun ana ce masa mai faɗin gaskiya, amma babu wanda ya amfani mai damuwa a cikinsu.

Kyakkyawan fata na gaskiya aiki ne da ake yi da harshe, kuma koyonsa ake yi. Abu uku ne ke haɗuwa a cikinsa: ka faɗi abin da ya faru yadda yake, ka auna girmansa daidai ba ragi ba ƙari, sannan ka nuna ƙofar da ta rage a buɗe. In ka bar na farko ka zama mai daɗin baki. In ka bar na uku ka zama mai karya gwiwa.

Wani hafsan sojan ruwa na Amurka, James Stockdale, ya yi sama da shekara bakwai a tsare a Biyetnam, daga 1965 zuwa 1973. Da aka tambaye shi daga baya su wane ne suka kasa jure zaman, sai ya ce masu sa wa kansu rana ne: su ce za a sake su kafin Kirsimeti, Kirsimeti ta zo ta wuce, su sake sa wata rana, ita ma ta wuce, har zuciya ta gaza. Shi kuwa bai taɓa shakkar cewa zai fita ba, bai kuma taɓa yaudarar kansa game da tsananin halin da yake ciki ba. Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san wannan haɗin. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa, kuma a cikin wannan hali ne ya umarci 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ga baƙin ciki, ga fata, ga kuma aiki, duk a zama ɗaya.

Makon farko: saurari bakinka kawai

Kada ka fara da ƙoƙarin canja komai. Sami ƙaramin littafi, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, ka yi kwana bakwai kana rubuta jimlar farko da ta fito daga bakinka ko ta faɗo maka a rai duk lokacin da wani abu ya ɓaci: an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, mai saye ya fasa, yaro ya fasa kofi, maigida ya dawo ba cefanen da aka tuna masa da safe. Rubuta ta yadda ta zo, kada ka yi mata kwalliya. Biyu ko uku a rana sun isa.

Martin Seligman, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Pennsylvania, ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke yi wa kansu bayanin abin da ya same su. Ya nuna cewa mai yanke ƙauna da mai fata sun rabu a wurare uku. Na farko tsawon lokaci: abin na har abada ne ko na ɗan lokaci? Na biyu faɗi: ya mamaye rayuwa duka ne ko ɓangare guda ya taɓa? Na uku inda aka ɗora laifi: a kan halin mutum gaba ɗaya, ko a kan wani aiki da wani yanayi da za a iya nunawa da yatsa? Idan mako ya cika, ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin waɗannan kalmomi a cikin abin da ka rubuta: kullum, har abada, bai taɓa, ba zai taɓa, komai, kowa, ba wanda, dama can, ni dai haka nake. Su ne alamar inda harshenka ke kumbura matsala.

A ce sakamakon JAMB ya fito, yaro ya sami 168 cikin 400, alhali likitanci yake so. Uba ya karɓi wayar ya duba ya ce: “Dama na sani. Kai ba ka taɓa yin abin kirki ba, kuɗina kawai kake ci.” Magana gajeriya, amma ta tara duka ukun. Wani uban zai ce: “Kada ka damu, maki ba komai ba ne,” ya miƙa wayar ya ci gaba da sauraren rediyonsa. Wannan ya fi daɗin ji, sai dai yaron ya san maki wani abu ne, don haka ya san ba gaskiya aka gaya masa ba. Ga hanya ta uku: “168 ba zai kai ka likitanci bana ba, kuma na san abin ya yi maka zafi. Kawo mu duba darasi-darasi. Turanci da bayoloji ka yi ƙoƙari, kimistiri da fizis ne suka ja ka ƙasa. Je ka huta yau. Gobe bayan la'asar mu zauna mu ga ko canjin kwas za a yi, ko kuwa ka sake zama baɗi mu nemo maka malami a kan waɗannan biyun.” Babu abin da aka ɓoye wa yaron. An dai mayar da matsalar girmanta na ainihi, wato shekara guda da darussa biyu, an kuma sa lokacin zama.

Mako na biyu: gyaran jimla

Kowace rana ɗauki jimla ɗaya daga waɗanda ka ja wa layi, ka yi mata tambayoyi huɗu. Mece ce hujjata? Wane bayani ne kuma zai iya zama gaskiya? In ma gaskiya ne, ina iyakar ɓarnar? Me zan iya yi kafin jibi? Ɗan kasuwar da ya rubuta “kasuwa ta mutu, ba wanda ke saye” ya buɗe littafin cinikinsa ya duba. Wataƙila abin da zai tarar shi ne cinikin atamfa ya faɗi tun bayan sallah, amma hijabai da yadin makaranta suna tafiya. Jimlar da aka gyara ba ta cewa kasuwa lafiya lau take. Tana cewa wani kaya ya tsaya, wani yana motsi, kuma wannan labari ne da za a iya yin aiki da shi a sari na gaba.

Wurare biyu ake tuntuɓe a nan. Wasu sukan maye baƙar jimla da zaƙaƙƙar ƙarya, su riƙa maimaita “komai zai yi daidai” alhali zuciyarsu ba ta yarda ba. Wannan ba ya ɗorewa, domin zuciya tana neman hujja. Jimlar da ka gyara dole ta zama wadda za ka iya karewa a gaban mutumin da ya san lamarin. Wasu kuma sukan mayar da darasin hanyar tsere wa laifi, komai ya faru su ce yanayi ne. Ka'idar ita ce ka karɓi laifin aikin, ka ƙi hukuncin da ya shafe ka gaba ɗaya. “Na yi sakaci ban biya bashin a kan lokaci ba, zan kai masa rabi ranar Laraba in ba shi haƙuri” magana ce ta mai fata. “Ni dai ba ni da amfani” da “ai shi ma ya cika matsi” duk hanyoyi ne na zama ba a yi komai ba.

Idan an kawo maka albishir

Mutane sukan ɗauka a ranar wuya kaɗai ake gane masoyi. Wata masaniya a Amurka, Shelly Gable, da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2004 da ya nuna cewa yadda mutum ke karɓar labarin farin cikin abokin zamansa yana da alaƙa mai ƙarfi da lafiyar zaman. Sun kasa amsoshi gida huɗu, kuma ɗaya ce kawai a ciki take gina zumunci.

A ce uwargida tela ce, ta tari maigida a bakin ƙofa ta ce: “Albishirinka! Makarantar Islamiyyar unguwa ta ba ni ɗinkin kayan saukar ɗalibai, kala arba'in.” Maigida na farko ya ce “to madalla” idonsa na kan waya. Bai faɗi mugun abu ba, amma wutar ta mutu. Na biyu ya ce: “Arba'in? Da wannan tsohon keken? Kin san makarantun nan ba sa biya da wuri, kuma wa zai kula da yara?” Na uku ya ce: “Ni ma yau na sha wahala a hanya, akwai abinci?” Na huɗu ya ajiye wayar ya ce: “Goro fari! Masha Allah, arba'in? Ya aka yi suka zaɓe ki? Wa ya kai musu labarinki? Wane yadi suke so?” Sai ta shiga ba da labari, ta sake ɗanɗana daɗin abin a karo na biyu, kuma yanzu tare da shi.

Matakan ba su da yawa. Tsayar da abin da kake yi ka fuskanci mai magana. Yi addu'ar albarka, sannan kada ka tsaya a nan, domin “Masha Allah” da aka faɗa a bushe tana iya zama hanyar rufe zance. Yi tambaya aƙalla biyu da za su sa mutum ya faɗaɗa labarin. Faɗi abin da ka san ya yi har ya kai ga wannan: “Daren da kika riƙa yi a kan keke ne ya biya.” Bayan kwana ɗaya ko biyu sake tayar da zancen da kanka.

To, ina matsayin damuwar maigida na biyu? Mai yiwuwa gaskiya yake faɗi, keken ya tsufa, kuma ana jan ƙafa wajen biya. Matsalarsa lokaci ce da siga. Bari murna ta yi kwananta. Washegari a zo da damuwar a matsayin shirin haɗin gwiwa: “Don aikin nan ya tafi daidai, me zai hana a kai keken a gyara kafin a fara, kuma ki nemi su ba da rabin kuɗin tun yanzu?” Gargaɗin da aka jefa a tsakiyar murna, kunne yana jinsa a matsayin hassada ko raini, ko da ƙauna ce ta kawo shi. Abin da kawai ya halatta a katse murna dominsa shi ne haɗarin da ba zai jira gobe ba, kamar a ce yau za a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba.

Idan an kawo maka labari mara daɗi

A nan ne kyakkyawan fata na bogi ya fi yin ɓarna, don haka tsarin yana da muhimmanci. Saurare ne farko, sai amincewa da zafin, sai tambaya, sannan fata ya biyo baya. Wanda ya fara da fata ya yi kamar mai rufe miki da bandeji bai wanke shi ba.

Saurare yana nufin ka bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa, ko da ya yi shiru a tsakiya. Shirun nan da kake jin nauyinsa, kada ka yi gaggawar cike shi. Amincewa jimla ɗaya ce ko biyu: “Wannan abu da nauyi yake.” “Ko wane ne aka yi wa haka zai ji zafi.” Tambayar kuwa ita ce wadda mutane suka fi tsallakewa: “Me ya fi damunka a ciki?” Mutumin da aka sallama daga aiki, kai kana zaton kuɗi ne damuwarsa, ashe yadda zai gaya wa mahaifiyarsa ne ya hana shi barci. In ba ka tambaya ba, za ka ɓata lokaci kana lallashinsa a kan abin da bai dame shi ba. Yana da kyau kuma ka tambaya kai tsaye: “Shawara kake so, ko dai in saurare ka?”

Sai fatan. Fatan da ke shiga zuciya shi ne wanda yake da hujja a tare da shi, kuma hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin tarihin mutumin kansa: “Lokacin da shagonka ya ƙone, cikin shekara biyu ka sake tsayawa da ƙafarka, kuma mutanen da suka ba ka kaya bashi a lokacin suna nan.” Ɗora masa taimako guda ɗaya takamaimai wanda ka tabbata za ka cika. “In kana buƙatar wani abu ka gaya mini” magana ce da ba kasafai ake amsa ta ba, domin kunya ba za ta bar mutum ya kira ba. “Ranar Asabar zan zo da safe mu gyara takardun neman aikinka” ko “ni zan riƙa ɗauko yara daga makaranta wannan makon” sun fi ta nesa. Alkawari ƙarami da aka cika ya fi babba da aka manta, domin kowane alkawarin da ka karya yana ƙara wa mutum hujjar cewa ba wanda ya damu da shi.

Akwai kalamai da ya kamata a bari, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake faɗinsu. “Wasu sun fi ka shiga matsala” tana sa mutum ya ji kunyar zafinsa. “Ina imaninka?” tana ɗora masa laifi a kan baƙin ciki. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. A wurin ta'aziyya, gaisuwa da addu'a da zama sun wadatar. Ba ranar da za a ce wa matar da ta rasa jariri “ai za ki sake haihuwa” ba ce. Ziyarar da ta fi amfani sau da yawa ita ce ta bayan mako uku ko huɗu, lokacin da 'yan zaman makoki suka watse, gida ya yi tsit.

A gaban mara lafiya kuma, dubi yadda Annabi (SAW) ya yi da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ciwo ya tsananta masa a Makka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sa'ad ya tayar da zancen wasiyya, ba a ce masa ya daina irin wannan magana ba. An tattauna da shi: kashi biyu cikin uku na dukiyarsa a'a, rabi a'a, sulusi, kuma sulusin ma da yawa. Sannan aka ce masa wataƙila zai yi tsawon rai har wasu mutane su amfana da shi. Haka kuwa aka yi, ya rayu shekaru masu yawa bayan nan. Mai ziyara ya koyi wannan: ya bar mara lafiya ya faɗi tsoronsa, ya taya shi shirya abin da yake son shiryawa, ya yi masa addu'a da kalma mai daɗi, kuma kada ya bari “da sauƙi” ta zama dalilin fasa komawa asibiti ko barin shan magani. Kada kuma ka yi wa likita shisshigi ka ce “nan da mako biyu za ka miƙe”. Ba ka sani ba, kuma idan mako biyun ya wuce, kai ne ka haƙa masa ramin da zai faɗa.

Kyautata zato, da iyakarsa

Ka tura saƙo a WhatsApp, ka ga alamar an karanta, har dare ba amsa. Kafin ka yanke cewa raini ne, kawo bayani uku da ba su shafe ka ba: yana tuƙi, yaro ne ya buɗe wayar, ya karanta a tsakiyar aiki ya manta. Sannan ka tambaya da sigar da ta bar wa mutum ƙofar fita: “Na san hidima ta yi yawa, ina dai tuna maka zancen jiya.” Rubutu ba ya ɗauke da murya, don haka duk maganar da ke iya zafi a kira waya ko a haɗu. Suratul Hujurat ta yi umarni da nisantar yawancin zato, kuma ko a ma'aunin zaman duniya, wanda ka zarga bisa kuskure ba ya saurin mantawa.

Iyakar ita ce maimaici. Kyautata zato na abin da ba a tabbatar ba ne. Wanda ya ci amanarka sau uku a kan abu ɗaya, ka yafe masa in ka ga dama, ka ci gaba da gaisawa da shi, amma kada ka sake ba shi ajiyar. Haka nan matar da ake duka, ce mata “yi haƙuri, zai canja” ba tare da an ɗauki wani mataki ba zalunci ne a cikin rigar nasiha. Abin da take buƙata shi ne wurin da za ta tsira da lafiyarta, da magabata ko hukuma da za su tsaya a kan lamarin.

Lokacin saɓani a gida

Zo mu zauna, zo mu saɓa. John Gottman na Jami'ar Washington ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Amurka suna tattauna abin da suka saɓa a kai. Ya lura cewa a auren da ya ɗore, ko a tsakiyar gardama, ana samun kusan abu biyar masu daɗi a kan kowane ɗaya mara daɗi: gyaɗa kai, murmushi, “gaskiyarki a nan”, sassauta murya. Ya kuma lura cewa mintuna ukun farko suna nuna inda zancen zai ƙare, sannan raini ne mafi munin alama a cikin duk abin da ya gani.

Saboda haka mafarin magana shi ne wurin aiki. Gina shi da gaɓa uku: abin da ya faru a wani lokaci takamaimai, yadda ka ji, da abin da kake roƙo. “Kai kullum ba ka damu da gidan nan ba” hukunci ne, kuma amsarsa kare kai. “Maigida, jiya na jira har sha ɗaya ban ji daga gare ka ba, hankalina ya tashi. In za ka yi dare, don Allah ka kira ni” roƙo ne da za a iya biya, kuma a cikinsa akwai zaton cewa mutumin zai iya gyarawa. Matsala ɗaya a zama ɗaya, kada a tono ta bara. In ka ji zuciyarka tana bugawa da sauri, murya ta fara tashi, nemi hutu na aƙalla minti ashirin, ka faɗi lokacin da za ka dawo: “Bari in yi alwala in yi sallah, bayan isha'i mu ƙarasa.” Fita ba tare da faɗin lokacin dawowa ba gudu ne, kuma haka ɗayan zai fassara shi. A cikin hutun kada ka zauna kana tsara martani, domin da wutarka za ka dawo.

Buri da shiri

Gabriele Oettingen, Bajamushiya mai koyarwa a Amurka, ta gano cewa mutanen da ke yawan nutsewa cikin mafarkin nasara sukan rage ƙoƙari, kamar zuciya ta ɗauka an riga an isa. Maganin da ta bayar shi ne a haɗa buri da cikas. Idan ƙaninka ya zo da shirin kiwon kaji, yi masa tambayoyi huɗu a jere: me kake so ka cimma kuma zuwa yaushe, me zai canja in ka samu, mene ne babban abin da zai iya hana ka, kuma in ya taso me za ka yi? Amsar ta ƙarshe ta kasance da sigar “in kaza ya faru, zan yi kaza”: in kuɗin abincin kaji ya tashi, zan rage yawansu a zubi na gaba maimakon in ci bashi. Hadisin Tirmizi ya riga ya tsara wannan: ɗaure raƙumarka, sannan ka dogara ga Allah.

Inda faɗuwa ke da tsada sosai, ajiye fata ka ɗauki lissafi. Tsarin MMM na zuba kuɗi bisa alkawarin riba mai yawa, wanda ya rufe asusun mutane a Najeriya a Disambar 2016, ya ci kuɗin jama'a da dama waɗanda 'yan'uwa da abokai suka ƙarfafa wa gwiwa da kyakkyawar niyya. Zuba jarin gida gaba ɗaya, tafiyar dare a hanya mai haɗari, jinkirta kai mai naƙuda asibiti: a irin waɗannan, mai ƙaunarka shi ne mai tambayar “in abin bai yi ba fa?”

A majalisa, da kafin barci

Hirar majalisa takan gangara zuwa “ƙasar nan ta gama lalacewa, ba na kirki ko ɗaya”. Tsadar rayuwa da rashin tsaro gaskiya ne, kuma wanda ya musa su ba za a sake saurarensa ba. Amince da abin da yake gaskiya, sannan ka mayar da zancen kan abin da hannu zai iya kaiwa: famfon unguwa da ya lalace, nawa ne gyaransa, mu nawa ne a nan? Muslim ya ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) ga mai cewa mutane sun halaka. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi da shi ba, ya isa ka riƙe shi a bakinka.

Seligman da abokan aikinsa sun gwada wani ɗan aiki a 2005: kowane dare na mako guda mutum ya rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a ranar, da dalilin da ya sa suka tafi daidai. Waɗanda suka yi sun ba da rahoton ƙarin walwala har bayan wata shida, musamman waɗanda suka ci gaba da yi. Rubuta dalilin shi ne ƙashin bayan aikin, domin a nan ne za ka ga hannun mutane. In ka rubuta cewa ka isa aiki a kan lokaci saboda maƙwabci ya rage maka hanya, gobe ka gaya masa, kuma ka ambaci abin da ya yi da sunansa.

Akwai halin da duk waɗannan matakai ba sa isa. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci sun rikice, yana cewa shi nauyi ne ga mutane ko gara ya mutu, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani. Kada ka ce masa ya cire abin a ransa, domin da zai iya da ya cire. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa; tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari da makamai daga kusa da shi, a kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma babban asibiti mafi kusa zai iya duba shi ya tura shi inda ya dace. Abin da za ka ce masa gajere ne: “Wannan abin da kake ji yana da magani, kuma ba kai kaɗai za ka je ba. Shirya, ni zan kai ka.”